Malam Abdullahi na Gwandu, malamin da ya ja kunnen masu mulki

An haifi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, a wajajen 1766. Yana cikin jagororin rundunar jama'ar Shehu a yaƙin Tabkin Kwatto a 1804.

Sai dai bayan an fara samun nasara, ya lura cewa wasu shugabanni sun karkata ga tara dukiya da neman sarauta. Takaicin haka ya sa ya kama hanyar Makka a wajajen 1807.

Da ya isa Kano, mutanen birnin suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su. A nan ya rubuta Diya'ul Hukkam, littafin da ya fayyace sharuɗɗan naɗa alƙalai da masu riƙe da garuruwa, da haƙƙin talaka a kan mai mulki.

Daga bisani ya komo gida, kuma a 1812 Shehu ya danƙa masa yammacin daular. Wannan ne tushen masarautar Gwandu, wadda a yau ta haɗa da Bagudo da Kende, har zuwa iyakar Jamhuriyar Benin.

Ya rasu a 1829, kuma kabarinsa na garin Gwandu.