Tarihin Alƙali George Lewis Ruffin

An haifi George Lewis Ruffin a birnin Richmond, cikin jihar Virginia ta ƙasar Amurka, a shekarar 1834. Iyayensa baƙaƙen mutane ne, amma 'ya'ya ne, ba bayi ba. Duk da haka dokar jihar a zamanin nan ta hana a koya wa baƙin mutum karatu, ko ɗa ne ko bawa. Saboda haka a 1853 suka yi ƙaura zuwa Boston, cikin jihar Massachusetts, don yaransu su sami ilmi.

Da ya bar makaranta sai ya kama sana'ar aski, da ita ya ci da kansa shekaru da yawa. In ya sami sarari kuwa sai ya buɗe littattafan shari'a. A 1858 ya auri Josephine St. Pierre, wadda daga baya ita ma ta yi suna wajen neman haƙƙin mata. Yana nan bisa askinsa da karatunsa har ya shiga makarantar shari'a ta Harvard, ya fita a 1869. Shi ne baƙin mutum na farko da ya ƙare wannan makaranta.

Daga nan ya zama lauya a Boston, yana tsaya wa mutane gaban alƙalai. Aka zaɓe shi cikin majalisar dokokin jihar, bayan haka kuma ya zauna cikin majalisar birni. Abokin Frederick Douglass ne, wanda ya tsere daga bauta ya zama babban mai faɗa da ita, har ma shi ya rubuta gabatarwar littafin tarihin Douglass na 1881.

A 1883 Gwamna Benjamin Butler ya naɗa shi alƙalin kotun gari ta Charlestown, wata unguwa ta Boston, ko da yake ba jam'iyyarsu ɗaya ba. Irin wannan kotu ita ke jin ƙananan ƙararraki, watau bashi, da faɗa, da ƙaramar sata. Mutanen unguwar galibinsu Turawa ne, ga shi kuwa shekara 18 kaɗai ke nan da ƙare yaƙin da ya kashe bauta a Amurka. Da ya karkata cikin hukunci, da ba shi kaɗai za a zarga ba, sai a ce baƙin mutum bai isa alƙalanci ba. Ana lissafa shi na farko cikin baƙaƙe da ya riƙe irin wannan kujera a jihar.

Bai daɗe a kanta ba. Shekara 3 ya yi yana shari'a, ajali ya same shi a 1886, yana da shekara 51, bai sauka daga aikinsa ba. Bayansa wasu baƙaƙe suka hau kujerun alƙalanci a Amurka, a 1984 kuma aka kafa wata ƙungiya ta ma'aikatan shari'a a Massachusetts aka sa mata sunansa.