Taƙaitaccen Tarihin Michael Faraday (1791-1867)

Duk wanda ya bi ta Nyanya, kan hanyar Abuja zuwa Keffi, ba zai rasa ganin masu cajin batirin mota ba. Abin da ke cikin batirin nan farantan dalma ne da aka tsoma a ruwan asid, wanda muke kira ruwan batir. Mutumin da ya tsara ƙa'idar yadda lantarki ke ratsa irin wannan ruwa shi ne Michael Faraday.

An haife shi ranar 22 ga Satumba, 1791, a kusa da birnin Landan. Mahaifinsa maƙeri ne, talaka, don haka karatunsa bai yi nisa ba. Yana ɗan shekara 14 ya shiga koyon ɗinkin littattafai, sai ya riƙa karanta waɗanda aka kawo ɗinki. A 1812 ya saurari laccocin masanin kimiyya Humphry Davy, ya rubuce su, ya ɗinke, ya aika masa. A 1813 Davy ya ɗauke shi mataimaki a cibiyar Royal Institution.

Cikin 1833 da 1834 ya duƙufa kan gwaji da ƙarafa biyu da aka tsoma a ruwan gishiri ko na asid. Ya gano cewa abin da ke taruwa a jikin ƙarfen yana bin yawan lantarkin da ya wuce ne: in wannan ya ninku, wancan ma sai ya ninku.

Abin da ya fi shafar mu ɗaliban harshe kuwa shi ne batun suna. A lokacin ana kiran ƙarafan nan da sunan bakin maganaɗisu, abin da ke sa a zaci janyo abu suke yi, shi kuwa bai yarda da haka ba. Da yake bai ƙware a Girkanci ba, sai ya nemi shawarar William Whewell na Jami'ar Kambirij. Daga wasiƙunsu aka samu anod, wato hanyar hawa, da katod, hanyar sauka, da ayon, mai tafiya. Ruwan kuwa ya kira shi ilektirolait, ma'ana abin da lantarki ke warwarewa.

A nan ne fa zatonsa bai faɗa daidai ba, domin a 1887 Svante Arrhenius ya nuna cewa gishiri na rabuwa ya zama ayon da zarar ya narke, tun kafin a sa lantarki. Duk da haka sunan bai canja ba.

Faraday ya ƙi karɓar shugabancin ƙungiyar masana ta Royal Society har sau biyu. Ya mutu ranar 25 ga Agusta, 1867, aka binne shi a maƙabartar Highgate da ke Landan.