Abu Ali Ibn Sina Da Mas'alar Dutsen Da Aka Jefa



Ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu kawo muku tarihin wani shahararren malami wanda yawancinmu muka san shi da likitanci kurum, alhali kuwa ya yi bincike mai zurfi a kan motsi da gudun abubuwa. Malamin nan shi ne Abu Ali Husaini ɗan Abdullahi, wanda aka fi sani da Ibn Sina.

An haife shi a wajen shekara ta 370 bayan Hijira, watau 980 Miladiyya, a ƙauyen Afshana kusa da Bukhara, cikin ƙasar da ake kira Uzbekistan a yau. Mahaifinsa mutumin Balkh ne, ma'aikaci a daular Samaniyawa. Ibn Sina ya haddace Alƙur'ani yana da shekara 10, ya karanci fiƙihu wurin Malam Isma'ila Zahid, kana ya ɗauki manɗiƙi wurin Abu Abdullahi Natili. Tun yana saurayi aka kira shi ya yi wa Sarkin Bukhara, Nuhu ɗan Mansur, magani, sarkin kuwa ya saka masa da izinin shiga ɗakin littattafan fada. Ya ba da labari da kansa cewa idan wata mas'ala ta cije masa, yakan tafi masallaci ya yi salla ya roƙi Allah buɗi.

Da daular Samaniyawa ta rushe, kuma mahaifinsa ya rasu, sai ya shiga yawon ƙasashe. Ya zauna a Gurganj da Jurjan da Rayyu, har ya isa Hamadan, inda Sarki Shamsud Daula ya naɗa shi waziri. Sarauta kuwa ba ta rabuwa da 'yan hassada. Bayan rasuwar sarkin sai da ya ɓuya a gidan wani mai sayar da magunguna, yana rubuta babban littafinsa Kitabush Shifa da ka, ba wani littafi a gabansa. Daga bisani aka kama shi aka tsare wata 4 a wata ganuwa. Da ya sami sarari sai ya sulale zuwa Isfahan cikin tufafin sufaye, ya zauna wurin Sarki Ala'ud Daula.

A cikin Kitabush Shifa ne ya tsunduma cikin mas'alar da muke son bayani a kanta. Ga yadda take: idan mutum ya jefa dutse, hannunsa ya riga ya sake shi, to, mene ne yake ci gaba da kai dutsen gaba? Aristo, babban malamin Yunanawa, ya tafi a kan cewa iskar da hannu ya kaɗa ita ce take tura shi. Yahaya Nahawi na Iskandariyya, wanda ya rayu a ƙarni na 6 na Miladiyya, ya ƙi wannan magana, ya ce mai jifa ne yake zuba wani ƙarfi a cikin dutsen, amma ƙarfin yana ƙarewa da kansa sannu a hankali.

Ibn Sina ya auna maganganun nan, ya fito da nasa ra'ayi. Ya kira abin da mai jifa yake bari a cikin dutse da sunan mailu, kalmar Larabci mai ma'anar karkata. A wurinsa karkatar nan ba ta ƙarewa don kanta, sai dai wani abu daga waje, kamar iskar da dutsen yake ketawa, ya cinye ta. Saboda haka da a ce akwai sararin da babu kome a cikinsa, da abin da aka jefa bai taɓa tsayawa ba. Ya kuma lura cewa abu mai nauyi ya fi riƙe karkatar nan, shi ya sa dutse yake fin tsinke nisa ko da hannu ɗaya ya jefa su.

Domin mai karatu ya gane darajar wannan magana, bari mu bambanta abubuwa uku da ake koya wa yaranmu a makaranta. Na farko shi ne gudu, watau nisan da abu ya ci cikin wani lokaci, kamar motar da take cin kilomita 60 a awa guda. Na biyu shi ne gudu haɗe da inda aka nufa, domin motoci biyu masu gudu ɗaya, wannan ta yi gabas waccan ta yi yamma, ba tafiya ɗaya suke yi ba. Na uku shi ne sauyawar gudun, ko ya ƙaru, ko ya ragu, ko ya canza hanya. Abin da ilmi ya tabbatar shi ne, ba a bukatar ƙarfi don abu ya ci gaba da gudunsa a miƙe, ana bukatarsa ne don a sauya gudun. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 yana keta sarari da gudun kimanin kilomita 17 a kowane sakan, ba tare da inji yana tura shi ba.

Amma fa gaskiya ita ce abin bi. Wasu 'yan'uwa, don son ɗaukaka magabata, sukan ce Ibn Sina ya riga Newton gano dokokin motsi dukkansu. Wannan ƙari ne. Shi Ibn Sina bai yarda akwai sararin da babu kome ba, har ma ya kafa hujja da motsi marar iyaka a kan cewa irin wannan sarari ba zai yiwu ba. Kuma bai auna gudu da alƙaluma ba. Bayansa Abul Barakat na Bagadaza, a ƙarni na 12, ya bayyana cewa abu mai faɗowa gudunsa yana ƙaruwa ne domin karkata tana taruwa a kan karkata. Jean Buridan na Faransa ya zo da ra'ayi mai kama da na Ibn Sina a ƙarni na 14. Sai Galileo na Italiya, a 1638, ya nuna da gwaji yadda nisan faɗuwa yake ƙaruwa, kana Newton na Ingila ya tsara dokokin a 1687. Da aikinsu ne muka san cewa dutsen da aka saki cikin rijiya gudunsa yana ƙaruwa da kimanin mita 10 a kowane sakan, ya ci kusan mita 5 a sakan na farko, ya kai mita 20 a ƙarshen na biyu. Rabon Ibn Sina shi ne ya buɗe hanya, kuma wannan rabo ba ƙarami ba ne.

Haka nan ba za mu ɓoye ba cewa malaman Sunna sun yi masa raddi a sha'anin aƙida. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta Tahafutul Falasifa, ya tsananta a kan mas'aloli 3: cewa duniya ba ta da farko, da cewa ilmin Allah bai shafi ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tayar da jikuna ranar Alƙiyama. Amma shi Gazalin ya gargaɗi Musulmi kada su ƙaryata lissafi da abin da hujja ta tabbatar don kawai ya fito daga bakin masu falsafa, domin yin haka cutar da addini ne. Wannan ita ce hanya madaidaiciya ga ɗalibanmu: a ɗauki aƙida daga Alƙur'ani da Sunna, a ɗauki ilmin halitta daga lura da gwaji.

Ibn Sina ya rasu a Hamadan cikin watan Ramalana na 428, watau 1037, bayan ciwon ciki mai tsanani. Masu tarihi sun ruwaito cewa a ƙarshen kwanakinsa ya 'yanta bayinsa, ya yi sadaka da dukiyarsa, yana saukar Alƙur'ani kowane kwana 3. Al'amarinsa yana wurin Ubangijinsa.

Mu kuwa, jifa ce muke gani kullum tun muna yara masu harbin tsuntsu a gona, ba mu taɓa tambayar abin da yake tafiyar da dutsen ba. Muna kira ga iyaye da malaman makarantun Islamiyya, idan yaro ya zo da irin wannan tambaya kada a kore shi, a zaunar da shi a taimake shi neman amsa. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya sa mu yi aiki da shi, amin.