Hannes Alfvén: masanin da aka yi wa gardama, igiyoyinsa kuma suna gaban masu neman wutar gobe

An haifi Hannes Alfvén ranar 30 ga Mayu 1908 a garin Norrköping na ƙasar Suwidin. Mahaifinsa da mahaifiyarsa duka likitoci ne. Tun yana ɗan makaranta ya shaƙu da rediyo, har ya harhaɗa akwatin kama tashoshi da hannunsa. Wannan sha'awa ce ta kai shi jami'ar Uppsala, inda ya samu digirin dokta a 1934 da bincike kan gajerun igiyoyin lantarki. A 1940 ya zama farfesa a babbar makarantar fasaha ta Istokholm.

Fagensa shi ne filasma, wato iskar gas da ta yi zafi har ƙwayoyin zarranta suka rabu, suka ɗauki lantarki. Rana da taurari da ita aka yi su. A 1942 ya buga ɗan gajeren rubutu a mujallar Nature, inda ya nuna cewa idan ƙarfin maganaɗisu ya ratsa filasma, layukansa na iya kaɗawa kamar tsirkiyar gurmi, kaɗawar kuma ta yi tafiya. Su ne ake kira igiyoyin Alfvén.

Manyan masana na lokacin ba su gamsu ba. Tun a 1939 wata mujallar Amurka ta ƙi buga bayaninsa kan hasken da ke bayyana a sararin samaniyar ƙasashen arewacin duniya, saboda ya saɓa wa ra'ayin Sydney Chapman, Baturen Ingila da ake ji da shi a fannin. Sai a 1948, da Enrico Fermi ya saurare shi a Shikago ya amince, sannan aka fara ɗaukar maganarsa da muhimmanci. A 1970 aka ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks, tare da Bafaranshe Louis Néel.

Alfvén bai iya ɓoye ra'ayinsa ba. Ya soki shirin nukiliyar ƙasarsa, kuma a 1967 ya bar Suwidin, ya kama aiki a jami'ar Kalifoniya da ke San Diego. Daga baya ya zama ɗan adawa da tashoshin da ke fasa ƙwayar uraniyom, irin wanda ake haƙowa a Arlit, saboda guba mai daɗewa da haɗarin makamai. Ya shugabanci ƙungiyar Pugwash ta masana masu yaƙi da makaman nukiliya daga 1970 zuwa 1975. Ya rasu ranar 2 ga Afrilu 1995, yana da shekara 86.

Yau sunansa na bakin masu neman wutar lantarki ta wata hanya: haɗe ƙwayoyin haidurojin kamar yadda ke faruwa a cikin rana. A na'urar tokamak, irin ITER da ake ginawa a Cadarache a kudancin Faransa, maganaɗisu ke riƙe filasmar da zafinta zai kai digiri miliyan 150. Haɗewar na haifar da ƙwayoyi masu tsananin gudu, waɗanda ake so su zauna ciki su ci gaba da zafafa filasmar. Matsalar ita ce gudunsu na tayar da igiyoyin Alfvén, su kuma igiyoyin su hankaɗa ƙwayoyin waje. Nan zafi ya ragu, bangon na'urar kuma ya lalace.

Ɗaya daga cikin magungunan da ake gwadawa shi ne igiyoyin rediyo. A na'urar DIII-D ta San Diego da ASDEX Upgrade ta Jamus, an ga cewa harba gajerun igiyoyi masu ƙarfi zuwa wani zaɓaɓɓen wuri a cikin filasmar na iya kwantar da wasu daga cikin igiyoyin Alfvén. Idan kuwa aka kuskure wurin, suna iya ƙaruwa. Samun wuta mai ɗorewa daga irin waɗannan na'urori ya rataya, a wani ɓangare, kan iya sarrafa abin da Alfvén ya gano a 1942.