Marigayi Diori Hamani, wanda ya sanar da 'yancin Nijar

'Yan'uwa mazauna Arlit da Akokan, a zamanin wannan mutum aka haƙa raminmu na farko. An haife shi a Sudure, kusa da Yamai, a 1916. Malamin makaranta ne, har Paris ya koyar da Hausa. A ƙuri'ar 1958 ya zaɓi zama da Faransa, ɗan'uwansa Djibo Bakary ya ƙi; amma bakin Diori ne ya sanar da 'yanci ran 3 ga Agusta 1960. A 1974 ya matsa wa Faransa ta ƙara kuɗin iraniyom, kuma da gaskiyarsa. Ga fari ya cinye dabbobi. Ba a gama ciniki ba soja suka hamɓare shi ran 15 ga Afrilu, aka kashe matarsa Aisa. Ya rasu a Rabat a 1989.