Gautama Buda: ɗan sarautar da ya bar gida don gano musabbabin wahala

Yawancinmu a Zongon Kwatano da sauran zangunan Hausawa mun san Buda ne ta fina-finan Asiya, ko ta mutum-mutumin nan na wani mutum a zaune ya harɗe ƙafafu. Ba kowa ya san cewa mutum ne da ya rayu a arewacin Indiya fiye da shekara 2,400 da suka wuce ba, ko kuma cewa tambaya ɗaya ce ta cinye rayuwarsa: me ke haifar da wahala, kuma ta yaya za a yanke ta daga tushe?

Sunansa Siddarta, na gidan Gautama, daga ƙabilar Sakiya. An haife shi a Lumbini, a kudancin ƙasar Nepal ta yau, ya girma a Kapilabastu inda mahaifinsa Suddodana yake cikin shugabannin ƙabilar. Masana tarihi na da can sun sanya rayuwarsa tsakanin 563 da 483 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma da yawa daga na yanzu suna ganin ya mutu wajen shekara ta 400. Ruwayoyin mabiyansa sun ce mahaifiyarsa Maya ta mutu kwana 7 da haihuwarsa, ƙanwarta Mahapajapati ta raine shi. Ya yi aure, aka haifa masa ɗa mai suna Rahula.

A cewar ruwayar, ganin tsoho da majiyyaci da gawa ne ya tayar masa da hankali, domin ya lura dukiya da sarauta ba sa kare kowa daga waɗannan ukun. Yana da shekara 29 ya bar gida. Ya yi karatu a wurin malamai biyu, Alara Kalama da Uddaka Ramaputta, bai gamsu ba. Daga nan ya shiga azabtar da jikinsa da yunwa har ya kusa mutuwa. Da ya ga hakan ma bai kai shi ko'ina ba, sai ya koma cin abinci, ya zaɓi abin da ya kira hanyar tsakiya, wato tsakanin holewa da cutar da kai. Yana da shekara 35, a gindin wata bishiya dangin ɓaure a Bodh Gaya, cikin jihar Bihar ta yau, ya ce ya gano amsar. Daga nan aka riƙa kiransa Buda, wato wanda ya farka.

Don a fahimci amsar tasa, sai an san muhawarar da ake yi a kwarin kogin Ganga a lokacin. Makkali Gosala yana koyar da cewa komai ya riga ya ƙullu, ƙoƙarin mutum ba ya sauya komai. Purana Kassapa ya ce aikin alheri da na sharri ba su da sakamako. Wasu kuma sun ce abubuwa na faruwa ne kawai bisa katari. Gautama ya ƙi duka. A ganinsa kowane abu yana samuwa ne idan sharuɗɗansa sun haɗu, yana kuma gushewa idan sun gushe. A harshen Pali ana kiran wannan paticca-samuppada, ma'ana samuwar abu bisa dogaro da wani. Misali, ruwan sama shi kaɗai ba ya sa unguwa ta yi ambaliya. Sai ya tarar da ƙasa mai kwari da magudanar da shara ta toshe. Ba mu da iko da ruwan, amma muna da iko da magudanar.

Ya ɗora wannan ƙa'ida a kan zuciyar ɗan Adam, ya jera matakai 12 da kowanne ke share wa na gabansa hanya, tun daga jahilci har zuwa tsufa da mutuwa. Tsakiyar jerin ta fi sauƙin ganewa: ido ko kunne ya haɗu da abu, a ji daɗi ko ɗaci, jin ya haifar da kwaɗayi, kwaɗayi ya zama riƙo, riƙon ya jawo baƙin ciki ranar da abin ya kuɓuce. A tsakanin ji da kwaɗayi ne mutum zai iya tsinke sarƙar, ta hanyar kyakkyawar ɗabi'a da natsuwa da fahimta. Wannan ne ƙashin bayan wa'azinsa na farko a Sarnat, kusa da Baranasi, gaban abokansa biyar: akwai wahala, tana da sanadi, tana iya ƙarewa, akwai kuma hanyar kawo ƙarshenta.

Bai tsaya kan mutum ɗaya ba. A wani jawabi da aka jingina masa, ya ba da labarin sarkin da ya daina tallafa wa matalauta, talauci ya yaɗu, sata ta biyo baya. Da sarkin ya fara sare kawunan ɓarayi, sai ɓarayin suka ɗauki makamai, kisa ya ƙaru. A wani jawabin kuma, an shawarci wani sarki da ya ba manoma iri, 'yan kasuwa jari, ma'aikata albashi, maimakon ƙara haraji da hukunci. Duk wanda ke bin labarin 'yan bindiga a yankinmu ya san har yau ana wannan gardama.

Ya yi shekara 45 yana yawo da ƙafa yana koyarwa, yana karɓar almajirai ba tare da duba asalin gidansu ba, har da mata. Ya mutu a Kushinagar yana da shekara 80. Bai rubuta littafi ba. Almajiransa ne suka haddace maganganunsa, aka rubuta su a Siri Lanka a ƙarni na 1 kafin Annabi Isa. Ginshiƙin dutsen da sarki Ashoka ya kafa a Lumbini wajen shekara ta 249 kafin Annabi Isa yana nan har yau, kuma a 1997 UNESCO ta sanya wurin cikin kayan tarihin duniya.

Koyarwarsa ta saɓa da Musulunci a tushe. Ba ta ginu kan Mahalicci ba, kuma ta yarda da sake haihuwa bayan mutuwa. Duk da haka malaman Musulunci ba su kawar da kai daga sanin ta ba. Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya yi bayanin mabiyan Buda a littafinsa Al-Milal wan-Nihal. Imam Gazali, da ya rasu a 1111, shi ma ya tattauna batun sanadi da misalin wuta da auduga, inda ya nuna cewa Allah ne ke halittar ƙonewar a lokacin da suka haɗu. Amsoshin sun bambanta ƙwarai, amma tambayar iri ɗaya ce. Ɗalibin da ya san yadda Gautama ya tunkare ta zai fi fahimtar abin da Gazali yake karewa, zai kuma fi sanin maƙwabtansa na duniya, waɗanda ɗaruruwan miliyoyinsu ke bin wannan tafarki daga Tailan zuwa Japan.