Arthur Holmes: Mutumin da ya mayar da yuraniyam agogon auna shekarun duwatsu

Shekaru da dama, har zuwa 2023, manyan motocin da ke ɗauko yuraniyam daga Arlit sun riƙa bi ta Agadas da Tawa, su ratsa yankin Birnin Ƙonni, kafin su nufi Doso da tashar ruwan Kwatano. Mutanen Bazaga da Malbaza sun san wannan ma'adini a matsayin arzikin da aka riƙa kai wa Turai don samar da lantarki. Amma yana da wani amfani da ba a cika ambato ba: da shi ake gane shekarun dutse. Mutumin da ya fi kowa kafa wannan hanya shi ne wani Bature ɗan Ingila mai suna Arthur Holmes.

An haifi Holmes ranar 14 ga Janairun 1890 a arewa maso gabashin Ingila, ya tashi a garin Gateshead cikin gidan masu ƙaramin ƙarfi. Tallafin karatu ne ya kai shi Kwalejin Imperial da ke Landan, inda ya fara da kimiyyar fiziks, daga baya ya koma nazarin ƙasa da duwatsu.

A lokacin, babban masani Lord Kelvin ya ƙiyasta cewa duniya ba ta wuce shekara miliyan 20 zuwa 40 ba. Sai dai an riga an gano cewa yuraniyam yana rikiɗewa sannu a hankali ya zama dalma, kuma gudun rikiɗar ba ya canzawa. Idan aka auna yawan yuraniyam da dalmar da ke cikin dutse, za a iya lissafa tun yaushe ya daskare. A 1911, yana ɗan shekara 21, Holmes ya auna wani dutse daga ƙasar Norway ya samu shekara miliyan 370.

Rashin kuɗi ya sa a wannan shekarar ya karɓi aikin neman ma'adinai a Mozambik. Bai samo abin kirki ba, sai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, har aka aika gida da labarin ya mutu. Ya warke ya dawo, a 1913 ya fitar da littafinsa kan shekarun duniya, inda ya nuna cewa wasu duwatsu sun kai shekara miliyan 1,600. Manyan malamai da yawa ba su yarda da shi ba.

A 1920 ya tafi Burma aiki da wani kamfanin mai. Kamfanin ya durƙushe, ɗansa ƙarami Norman ya rasu sakamakon atini, shi kuma ya koma Ingila a 1922 hannu rabbana. Sai a 1924 Jami'ar Durham ta ɗauke shi ya jagoranci sashen nazarin duwatsu. A can ne ya kawo ra'ayin cewa zafin cikin ƙasa yana juya duwatsun da ke can ƙarƙashi a hankali, kamar yadda kunu ke juyawa a tukunya, kuma wannan juyin ne ke jan nahiyoyi. Sai a shekarun 1960 hujjoji daga ƙarƙashin teku suka ƙarfafa wannan tunani. Ya kuma yi nazarin duwatsun aman wuta na Bufumbira a Yuganda.

Bayan rasuwar matarsa ta farko a 1938, ya auri masaniyar duwatsu Doris Reynolds a 1939. Ya koma Jami'ar Edinburgh a 1943, ya yi ritaya a 1956, shekarar da Ba'amurke Clair Patterson ya wallafa cewa duniya ta kai shekara biliyan 4.55. Holmes ya samu lambar yabo ta Vetlesen a 1964, ya mutu a Landan ranar 20 ga Satumban 1965.

Aikinsa bai tsaya kan shekarun duniya ba. Kafin dutse ya yi aman wuta, narkakken dutse yakan taru a ƙarƙashinsa, a ciki kuma ƙananan ƙwayoyin da ake kira zirkon suna fitowa. Zirkon yana karɓar yuraniyam, amma ba ya karɓar dalma lokacin da yake haɗuwa, don haka dalmar da aka tarar a cikinsa daga baya ta samu. Masana suna auna shekarun ƙwayar su gwada da lokacin da dutsen ya yi aman. Tazarar da ke tsakani ita ke nuna daɗewar narkakken dutsen a ɓoye, kuma a wasu wurare ta kai dubban ɗaruruwan shekaru.

Wannan lissafi ba ya faɗin ranar da dutse zai fashe, amma yana taimakawa a fahimci yadda haɗarin ke taruwa. Ga mazauna birane irin su Goma a Kongo, inda dutsen Nyiragongo ya kwararo wuta a 2002 da 2021, sanin abin da ke kwance ƙarƙashin ƙafafunsu magana ce ta rai da dukiya.